Kifi da man kifi a kwanon kare: me ke gyarawa, me ke ɓatawa?

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Duk mai kare, na gadi ne ko na farauta, ya san yadda yake kaɗa wutsiya in ya ji ƙarnin kifi. To a ba shi, ko a hana shi? A ba shi, kifi abinci ne mai kyau ga kare. Sai dai ba kowane kifi ba, kuma ba yadda muke girka shi wa kanmu ba.

Amfanin na cikin man da ke jikin kifin. Wannan man yana ɗauke da sinadarin omega-3, kuma iri biyu ne ake nema, EPA da DHA. Jikin kare ba ya iya samar da su da yawa daga man tsirrai, shi ya sa kifi ya fi kowace hanya sauƙi. EPA na rage kumburi a jiki. Tsohon karen da ke fama da ciwon gaɓoɓi, wanda sai ya yi ta faman yunƙuri kafin ya miƙe da safe, yakan samu sassauci in an ɗora shi a kan man kifi na wasu makonni. Haka kare mai bushewar fata da yawan susa, gashinsa kan dawo da sheƙi. DHA kuwa na taimaka wa ƙwaƙwalwa da idanun ɗan kwikwiyo lokacin da yake girma. Amma fa a ji da kyau, man kifi ba ya kashe kaska, ba ya korar ƙuma, ba ya maganin ƙazuwa. In susar daga can take, ko kwalba guda ya sha ba za ta daina ba.

Wane kifi ya fi? Ƙananan kifayen teku masu maiƙo: sadin, shawa, da titus ɗin da ake sayarwa a shagunan kifin ƙanƙara. Tarwada da karfasa ma abinci ne mai gina jiki, sai dai omega-3 ɗinsu bai kai na waɗancan ba. Manyan kifayen teku masu cin 'yan uwansu, irin su shak da manyan tuna, su ne ake gudu, domin suna daɗewa a ruwa suna tara makuri, wani sinadari mai guba, a jikinsu.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato kicin. Ragowar farfesun kifi da muke juye wa kare, a ciki akwai albasa da tafarnuwa, kuma su biyun suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, sannu a hankali jininsa ya yi ƙasa. Ga gishiri, ga dunƙule, ga yaji. Na kare daban ake dafawa: ruwa zalla, a dafa har ya nuna sosai, a bari ya huce, sannan a sa yatsu a marmasa tsokar ana tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ƙayar nan siririya ita ke maƙalewa a maƙogwaro ko ta soki hanji. In ka ga kare na kakari, yawu na zuba, yana kai ƙafa baki bayan ya ci kifi, kada a tsaya ɗura masa tuwo don ta wuce, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Ɗanyen kifi kuma a bar shi. Wasu kifaye, ciki har da shawa, suna da sinadarin da ke rusa bitamin B1, kuma karen da ya daɗe yana cinsu ɗanye kan fara tangaɗi, har ya kai ga farfaɗiya. Wuta na kashe wannan sinadarin, tana kuma kashe tsutsotsi. A arewa maso yammacin Amurka akwai wata cuta da karnuka ke ɗauka daga ɗanyen kifin salmon, wadda ke kashe mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba. Busasshen kifin kasuwa ma a san inda aka saye shi, saboda wasu masu ajiya kan fesa masa maganin ƙwari. Na gwangwani kuwa, a tsiyaye man, a ɗauraye, a ba shi kaɗan.

Sai man kifi na kwalba. Juya bayanta ka karanta. Ƙwaya guda da aka rubuta miligiram 1,000, sau da yawa EPA ɗinta 180 ne, DHA 120, wato 300 ke nan gaba ɗaya. Da wannan adadin likita ke lissafi, gwargwadon nauyin karen da abin da ke damunsa. Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ta fitar da iyaka a 2006, wadda ga kare mai kilo 20 ta kama kusan miligiram 3,500 na EPA da DHA a haɗe a rana. Wannan ƙarshen iyaka ce, ba a ce sai an kai can ba. In aka zarce, gudawa ce ke fara zuwa, sai amai, sai ƙiba, jini ma kan yi jinkirin daskarewa. Don haka in za a yi wa kare tiyata, a faɗa wa likita yana shan man kifi. Karen da ya taɓa ciwon fankiriyas, wato wata gaɓa a ciki da ke taimaka wa narkar da abinci, kada a fara ba shi sai likita ya amince.

A kuma bambance man kifi da man hantar kifin kod, wanda iyaye kan ba yara. Na hanta cike yake da bitamin A da D, su kuwa taruwa suke yi a jiki har su zama guba.

Zafin ƙasarmu ma na lalata man da wuri. A ajiye kwalbar a firji, ko a wuri mai sanyi da duhu. Lokaci-lokaci a huda ƙwaya ɗaya a sansana, in warin ya yi kauri kamar na tsohon man suya, a zubar da kwalbar.