Gandu da Fataucin Dabbobi: Tarihin Wani Gida a Ƙasar Gumel

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a zauren taro.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da 'yan'uwa ɗalibai, an ce in yi magana a kan manomin karkara mai fataucin dabbobi, ni kuma na zaɓi gidan da na fi sani, wato gidan kakana na wajen uwa a ƙasar Gumel. Da shanu kuna iya zuwa kasuwar Maigatari daga garinsu kafin hantsi ya dubi ludayi.

Mutane sukan ɗauka noma daban, fatauci daban. A irin wannan gida abu guda ne, kuma gandu ne ya riƙe su duka biyun. Mahaifin kakana yana da ƙanne da 'ya'ya maza a gandu ɗaya, tukunya ɗaya. Da damina kowa yana gona. In an yi girbi, an ɗaure gero, an hau da harawa kan bishiya, sai maigida ya ware mutum ɗaya ya tafi kudu da shanu. Bai isa ya yi wata biyu ko uku a hanya ba sai don ya bar masu kula da iyalinsa da rumbunsa.

Tafiyar kuwa a ƙasa ce. A sayi bunaji da rahaji daga Fulani da mutanen Damagaram, a bi burtali, a ƙetare Kwara a Jabba, a wuce Ilori har Badun. Daga inda tsando ya fara, sa yana ramewa kullum saboda sammore, don haka falke ba ya da damar jan ciniki. A nan fatoma yake shigowa. A unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, fatoma ne zai sauke ka, ya ciyar da kai, dillalinsa ya sayar wa mahauta Yarbawa bashi, shi kuma ya tsaya maka in mahauci ya ƙi biya. Ku lura, babu takarda, babu sa hannu. Mutum ya miƙa dukiyar gandu gaba ɗaya ga wanda ba danginsa ba, ya dawo da goro. Ni wannan amanar tana ba ni mamaki har gobe, kuma ina ganin masana tattalin arzikinmu ba su ba ta haƙƙinta ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru kuma ya kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa. A zamanin kakana sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Daga baya tirela ta karɓe.

Shi kakan nawa ya fi mayar da hankali ga turka. Bayan kaka ya sayi ramammen sa ko ragunan uda, ya ɗaure a gida. Harawar wake da ta gyaɗa daga gonarsa suke, dusa daga turmin matan gidan, a ƙara kanwa a ruwa. Takin kuma a kwashe a mangala, jaki ya kai gona kafin ruwan shuka. Gona ta ciyar da dabba, dabba ta ciyar da gona. Kada ku manta da mata a nan: awakin da ke tsakar gida nasu ne, ba na maigida ba, kuma sau da yawa akuyar kakata ce ta biya haraji a shekarar da hatsi bai yi ba, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979.

Farin 1973 ya karya gidaje da yawa, ciwon bushiya na 1983 ya zo ya ƙarasa wasu. Gidanmu ya tsira da ƙyar, don akwai tsohon gero a rumbu, ba a sayar da shanun huɗa ba.

Abin da fari bai yi ba, rabon gado ya yi. Da kakana ya rasu aka raba gonaki, kowane kawu ya kafa tukunyarsa. Ba na zargin kowa, hakkinsu ne, kuma ƙannen da suka yi shekaru suna noma wa yayansu suna da nasu ƙorafin. Amma ɗan kawuna da ya gaji sana'ar yau shi kaɗai ne. Ranar Alhamis yana Maigatari, Juma'a yana Wudil, ciniki ta waya, kuɗi ta banki, mota ta kwana biyu ta sauke a Legas. In ya tafi, sai ya ɗauki 'yan ƙwadago su yi masa noma. Gonar da ta zo hannunsa ba ta ba shi harawar da za ta kai rago uku Babbar Salla, sai ya saya dami-dami a kasuwa, kuma kuɗin nan daga ribarsa yake fita.