Me ya sa ƙaramin yaro yake kiran doki "kare"?

Yaro ɗan wata goma sha takwas yana zaune a cinyar mahaifiyarsa, sai ga doki ya zo wucewa. Ya miƙa ɗan yatsa cike da murna, ya ce: "Kare!" Uwar ta yi murmushi ta ce, "A'a, doki ne." A idon babba kuskure ya yi. Amma ku duba aikin da ya gudana a ɗan ƙaramin kan nan. Ya ga ƙafa huɗu, ya ga jela, ya ga abu yana tafiya da kansa, sai ya haɗa shi da dabbar da ya riga ya sani. Kujera ma ƙafa huɗu gare ta, amma bai ce mata kare ba.

Wannan aiki na ware abubuwa gida-gida yana farawa tun kafin bakin yaro ya buɗe. To ta yaya aka gane, alhali jariri ba ya amsa tambaya? Ta idonsa. Idan jariri ya yi ta ganin abu ɗaya sai ya gundure shi, ya kau da kai. Da zarar sabon abu ya bayyana kuma, sai ya zuba masa ido. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Fantz na Amurka yana cikin waɗanda suka fara auna wannan, a farkon shekarun 1960.

A 1993, Paul Quinn da Peter Eimas da abokiyar aikinsu suka nuna wa jarirai 'yan wata uku zuwa huɗu hotunan kyanwoyi iri-iri, launi daban, zama daban. Bayan sun saba, aka ajiye musu hotuna biyu gefe da gefe: wata kyanwa da ba su taɓa gani ba, da kuma kare. Karen suka fi daɗewa suna kallo. Wato a wurinsu sabuwar kyanwar 'yar gida ce, karen ne baƙo. Abin da ya fi burge ni shi ne da aka juya gwajin. Aka fara da karnuka, sannan aka kawo kyanwa, sai jariran ba su ɗauke ta baƙuwa sosai ba. Masana suna ganin dalilin shi ne karnuka sun fi bambanta da juna a siffa, don haka gidan "kare" ya yi faɗin da har kyanwa za ta iya shigewa ciki.

Ido ke nan. Hannu fa? Jean Mandler da Laraine McDonough sun miƙa wa jarirai 'yan wata tara da goma sha ɗaya kayan wasa su jujjuya. Tsuntsu mai buɗaɗɗun fukafukai da jirgin sama sun yi kama ƙwarai, amma yaran sun raba su. Kare da zomo kuwa ba su raba ba. Da alama yaro yakan fara da manyan gidaje, dabbobi a nan, ababen hawa a can, daga baya ya yi ta yanka ƙananan ɗakuna a ciki. Yaronmu mai kiran doki kare yana tsakiyar wannan yankan ne.

Nan ne magana take shigowa. Sandra Waxman da Dana Markow sun nuna a 1995 cewa yara 'yan kimanin shekara ɗaya sun fi saurin gano abin da ya haɗa abubuwa idan an kira su da suna ɗaya, fiye da idan an ce musu kawai "duba nan". Suna yana sa yaro ya nemi kamanni. Shi ya sa nake ganin ba daidai ba ne a tsaya a "a'a" kaɗai. Uwa za ta iya cewa, "Ƙafa huɗu gare shi kamar kare, amma wannan doki ne, dubi girmansa." Ta tabbatar masa da abin da ya gani daidai, ta kuma buɗe masa sabon ɗaki.

A wajen wata goma sha takwas za ku ga abin da idonku. Ku zuba masa ƙwallaye da akwatuna 'yan ƙanana a cakuɗe, sai ya fara tara ƙwallo gefe guda, akwati gefe guda, ba wanda ya sa shi. Alison Gopnik da Andrew Meltzoff sun lura a 1987 cewa wannan yakan zo daf da lokacin da sunayen abubuwa suke fara kwarara daga bakin yaro. Daga shekara biyu kuma, idan aka ba wani sabon abu suna, yaro yakan miƙa sunan ga masu siffa irin tasa, ko da girmansu ya bambanta.

Sauya ƙa'ida ne yake ɗaukar lokaci. A wani gwaji da Philip Zelazo ya tsara, ana ba yaro katuna masu hoton jan zomo da shuɗin kwalekwale, a ce ya raba su bisa launi. Ɗan shekara uku yana yi tsaf. Sai a ce masa, "Yanzu wasan siffa za mu yi, zomaye nan, kwalekwale can." Ku tambaye shi ina zomo yake zuwa, zai nuna muku akwatin da ya dace. Ku miƙa masa katin jan zomo, sai hannunsa ya kai shi akwatin jajaye, kamar ɗazu. Ya san sabuwar ƙa'idar, tsohuwar ce ba ta sake shi ba. Yawancin yara sai sun kai shekara huɗu zuwa biyar suke sauyawa cikin sauƙi, lokacin da sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa hannu burki, ya ƙara ƙwari.