Sharhi: Ruwa garai-garai ba shi ne tsabtatacce ba

Masu sauraro, barkanmu da war haka.

Kimanin kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne. Ɗan abin da ya rage kuma, wajen kashi biyu cikin uku ƙanƙara ce. Saura mafi yawansa yana ƙarƙashin ƙasa, inda rijiya da burtsatse ke zuƙowa, kuma can ne muke ɓata shi da hannunmu.

A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi diddigin mamatan gida-gida, ya tarar famfo ɗaya suke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Da aka tona, ashe tsakanin rijiyar da ramin masai ko mita ɗaya babu. Mutane kuwa har yabon daɗin ruwan suke yi.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, rijiya a tudu, masai a gangare, kuma gindin ramin ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Idan ƙasar tsakuwa ce ko dutse mai tsaga, mita 30 ma ta yi kaɗan, domin ƙazanta na zurara ba tare da ƙasa ta tace ta ba. Sai bakin rijiya: a ɗaga shi, a yi masa murfi, a zagaye shi da daɓen siminti mai gangara waje. Ga kuma guga. A jefar da shi cikin caɓi, kaji su taka, a sake zura shi. Duk kuɗin simintin ya tafi a banza.

Idan ruwa ya gurɓace da laka, kada a yi gaggawar zuba masa kulorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, laka ce za ta cinye shi. A fara sa alam, a bari ya kwanta, a tace, sannan a sa kulorin bisa ma'aunin da ke jikin kwalinsa, a jira minti 30. Ana so a ji ɗan ƙamshinsa kaɗan bayan haka. In tafasawa za a yi, ya ɓararraka minti guda cur.

Amma fa tafasawa ƙwayoyin cuta kawai take kashewa. Sinadarin naitiret da ke tsiyaya daga takin zamani da kashin dabbobi ba ya ƙonewa, sai ma ya ƙara ƙarfi yayin da ruwa ke ƙafewa a tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita guda, saboda jarirai: yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓɓansu su yi shuɗi. Haka gubar dalma, haka wata guba mai suna asenik, tafasawa ba ta kawar da su. A Bangaladash an haƙa miliyoyin burtsatse don guje wa ruwan kududdufi, daga baya aka gano asenik a ciki, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Sai da aka bi su ɗaya-ɗaya da gwaji, ana shafa wa masu guba jan fenti, masu kyau kuma kore.