Fosfaras da Ruwan da Muke Sha a Zariya

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayenmu manoma, ɗalibai, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya taɓa sayen taki ya ga NPK 15-15-15 a jikin buhu. Harafin tsakiyar nan, P, shi ne fosfaras. Ƙasar nomanmu ta Arewa tana da ƙarancinsa, shi ya sa masara ba ta yin kirki sai an ba ta. To, ba cewa na zo yi a daina sa taki ba.

Ɓarnar tana farawa ne idan ya bar gona. Fosfaras manne wa ƙasa yake yi. In aka tafka ruwa a watan Agusta, kuka ga jan ruwan nan yana gangarawa Kubanni ko Galma, to har da shi ake tafiya. Ga na kwata, ga kashin kaji, ga na shanu a mashaya.

A madatsar ruwa, yawanci rashin fosfaras ne ke hana gansakuka yaɗuwa. Masana a Kanada sun gwada wannan a 1973: suka raba tafki biyu da labule, kowane ɓangare suka zuba masa naitirojin da kabon, ɗaya kaɗai suka ƙara wa fosfaras. Shi ne ya koma kore shar. Gansakukar nan idan ta mutu sai ta nutse, bakteriya su ruɓar da ita, su shanye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Wani nau'inta ma guba yake fitarwa, kuma jama'a ku riƙe wannan, tafasawa ba ta kashe gubar. A 2014, mutum wajen 400,000 a birnin Toledo na Amurka sai da suka yi kwana uku an hana su shan ruwan famfo.

Abin da ya fi damuna shi ne lakar da ke kwance a ƙasan madatsa. Tana ajiye fosfaras, tana sakinsa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, ko da an toshe hanyar shigarsa.

Don Allah, masu noman bakin Galma, ku riƙa binne taki maimakon watsa shi, kada kuma a sa shi hadari na haɗuwa. A bar gamba ko jema tsakanin kunya ta ƙarshe da bakin ruwa, su tare ƙasar. Hukumar ruwa kuma ta riƙa auna fosfaras kowace damina, ta sanar da jama'a sakamakon.