Amsoshin Tambayoyinku: Faɗin Fili da Yawan Ire-iren Tsirrai

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata ɗaliba mai nazarin tsirrai, wadda ta ce: "Idan na ƙirga iri 20 na tsirrai a murabba'in mita ɗaya na filin ciyawa, shin zan samu 40 a murabba'in mita biyu?"

Malama, ba za ki samu ba. Mai bincike yakan kafa turaku huɗu, ya kewaye su da igiya, sannan ya durƙusa yana buɗa ciyawa da yatsu, yana rubuta duk irin da idonsa ya faɗa a kai. Da farko alƙalaminsa ba ya hutawa, amma da zarar ya matsar da turakun ya faɗaɗa wurin, sai ya tarar yawancin abin da ke gabansa ya riga ya rubuta shi, sabon iri kuwa sai jefi-jefi. Adadin yana ci gaba da hawa, sai dai hawan yana ƙara nauyi. Olof Arrhenius, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya tsara wannan dangantaka da lissafi a shekarar 1921. Bisa ƙiyasin da aka saba kafa misali da shi, sai fili ya ninka sau 16 kafin yawan ire-iren ya ninka sau biyu.

Dalilin ƙaruwar biyu ne. Fili mai faɗi yana ɗauke da tsirrai masu yawa, don haka ko irin da ba kasafai ake ganinsa ba zai faɗo cikin ƙidaya. Sannan ƙasa ba iri ɗaya ba ce: ga tudu, ga kwari inda ruwa ke kwanciya, ga gindin dutse mai inuwa, kowane da tsirran da ke sonsa. Shi ya sa nake jan hankalinki, Malama, kada ki taɓa kwatanta ƙidayar filaye biyu sai girman wuraren da aka auna ya zo daidai.

Wani bawan Allah kuma ya rubuto yana tambaya ko gaskiya ne filin ciyawa na iya fin kurmi yawan ire-iren tsirrai. Malam, ya danganta da girman wurin da aka auna. A shekarar 2012 wasu masana sun tattara adadi mafi girma da aka taɓa ƙirgawa a duniya zuwa wancan lokaci. A murabba'in mita ɗaya, wani filin ciyawa na kan duwatsu a Ajantina ne kan gaba da iri 89. A murabba'in mita 10, wani fili a Romaniya da iri 98. A murabba'in mita 49 kuma, wani a Jamhuriyar Cek da iri 131. Amma da aka kai hekta guda, sai kurmin ƙasar Ekwado ya yi musu fintinkau da iri 942. Bishiya ɗaya tana cinye wurin da ɗaruruwan ƙananan tsirrai za su zauna, saboda haka arzikin kurmi ba ya bayyana sai an auna da faɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, waɗancan filaye na Turai ba a sake suke ba. An daɗe ana yankar ciyawarsu ko ana kiwo daidai gwargwado, ba tare da takin zamani ba. Yankan yana hana dogayen ciyayi danne ƙanana da inuwa. Gwajin filin ciyawa mai suna Park Grass da aka fara a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila tun 1856 ya nuna cewa wuraren da ake zuba wa takin naitirojin sun rasa ire-ire da dama.

Wasiƙa ta ƙarshe tana tambaya ne kan abin da zai faru idan aka nome rabin fili. Bisa wancan lissafi, kusan kashi 16 cikin 100 na ire-iren ne za su ɓace, amma ba a damina ɗaya ba, domin tsirrai masu zurfin saiwa kan yi shekaru suna tsirowa bayan sun daina hayayyafa. Idan kuwa rabin da aka nome shi ne mai kwarin nan da ruwa ke kwanciya, asarar za ta wuce haka, tun da tsirran wurin ba su da inda za su koma a kan tudu.