Mai shago ya ƙi maida maka kuɗinka? Ga shirin da za ka yi kafin ka je kotu

Assalamu alaikum jama'a. A ce ka shiga babbar kasuwar Katsina ka sayi batirin sola naira dubu 380, mai shago ya ce maka garanti wata shida, ka kai gida sati biyu ko fanka baya iya ɗauka, ka maida mashi ya ce ai kai ka ɓata, kaya sun fita sun fita. Da yawanmu nan muke tsayawa mu ce Allah ya isa mu tafi, kuma wallahi abin yana damuna, don gumin mutum ne, wani ma adashi ya ɗauka ya saya.

To akwai kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi, a ƙarƙashin kotun majistare take. Legas ta fara ta a 2018, Kano ta biyo a 2019, daga baya wasu jihohi suka ɗauka. An yi ta ne don irin wannan rigimar, kuɗin da aka san adadinsu, ba sai ka ɗauki lauya ba kai da kanka za ka tsaya ka yi bayani. A tsarin da Legas ta fara da shi iyakar kuɗin naira miliyan 5 ne kuma ana son a gama shari'ar cikin kwana 60. Kowace jiha da nata ƙa'idar, saboda haka tun farko ka leƙa wajen magatakardan kotu ka tambayi iyakar kuɗi da kuɗin shigar da ƙara.

Amma fa kafin kotu ka bi ta wajen shugabannin kasuwa, sau da yawa magana a nan take mutuwa, ba ɗan kasuwan da ke son a kira shi gaban dattawan layinsu kan ya sayar da kaya mai aibi. Ko a fiƙihu ai an san mai saye yana da zaɓin maida kaya in ya tarar da aibin da ba a faɗa mashi ba, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ita ma ta ba ka wannan damar.

In sulhu ya ƙi, sai takardar neman biya. Don Allah kar ka raina ta. Ka rubuta ranar da ka saya, abin da ka saya, nawa ka biya, me ya lalace, nawa kake nema, sannan ka ba shi wa'adi, kwana 14 aka saba bayarwa. Ba zagi ba barazana, don alƙali zai karanta ta. Ka yi kwafi biyu ya sa hannu a ɗaya ka riƙe, in ya ƙi karɓa ka je da wani wanda zai shaida.

Yanzu hujjoji, nan ne aikin yake. Rasit, in babu to alat na tiransifa, kuma gara ka je banki su fitar maka da sitatimen mai hatimi. Ƙaramar takardar nan ta POS ka ɗauke ta hoto yau yau, rubutunta gogewa yake yi da zafin Katsina kafin wata biyu sai ka ga farar takarda. Hirarku ta WhatsApp kar ka goge ko ɗaya, musamman muryar da ya ce kar ka damu Alhaji in ya ba da matsala ka dawo da shi, ka fitar da rubutun a takarda kuma ka je da wayar. Shi kanshi batirin kar ka bari wani mai gyara ya buɗe shi, da an kwance shi ka ba mai shago abin faɗa, sai dai a gwada shi a gabanka a ɗauki bidiyo.

Sai sunan wanda za ka kai ƙara, mutane suna kuskure sosai a nan. Yaron shago ba shi ne mai shago ba. Duba sunan da ke kan rasit da sunan asusun da ka tura kuɗi, ka samo cikakken adireshi har lambar shago, in ba a samu inda za a kai mashi sammaci ba shari'a bata motsawa.

Ranar zama ka je da wuri, takardunka a jere bisa kwanan wata, shaidarka a kusa da kai. Ka faɗi adadin da ka biya daidai, kar ka ƙara ko sisi don haushi. In an yanke hukunci ya ƙi biya, ka koma wajen magatakarda ka nemi a zartar da hukuncin, kotu tana da ikon sa a kama kayanshi a sayar a ba ka kuɗinka.