Yadda Ake Sabunta Daɓen Katako: Guga, Rini da Banish

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku dubi wannan daɓen. Nan bakin ƙofa, inda ƙafa ta fi takawa, ya koɗe ya yi toka-toka. Can ƙarƙashin kujera kuwa yana nan da ƙyallinsa. Katakon lafiyarsa ƙalau, rigar da ke kansa, wato banish mai sa ƙyalli, ita ce ta tsufa.

Kafin a tayar da injin guga, a ɗiga ruwa cokali ɗaya a wurin da ya koɗe. In ruwan ya tsaya ya dunƙule, banish ɗin yana da sauran rai, sai a ɗan karce samansa a ƙara shafi ɗaya, shi ke nan. In kuwa katakon ya shanye ruwan ya yi duhu, to sai an goge har a tarar da farin katako.

A kuma san irin daɓen. Katako zalla yakan kai kaurin milimita 19, amma abin da za a iya ci wajen milimita 6 ne, wato naman da ke sama da inda allunan suka sarƙe da juna. Akwai kuma wanda ɓawon katako mai kyau ne kawai aka manna a kan falai, wato siraran katako da aka manne hawa-hawa. Wannan in aka matsa masa, garin neman gira sai a rasa ido.

Yanzu a kwashe kaya, a toshe ƙofofi da leda, a bi kan kowace ƙusa a nutsar da ita, domin ƙusa ɗaya ta isa ta yaga samfefa. A sa takunkumi mai tace ƙura, ba ƙyalle ba. Ƙurar katako tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji a hanci.

To, ga inda aikin yake. Samfefa tana da lamba, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Ana farawa da 36, ita ke cire tsohon banish ta daidaita allunan. Daga nan 60, sai 80, a ƙare da 100. Kowace lamba aikinta ta share karcen da ta gabanta ta bari. Mutum ya ga daɓe ya yi fari bayan 36, sai zuciya ta ce masa ya tsallaka zuwa 100 ya huta. Kar ka yarda. Mai laushin nan shafar saman karcen kawai za ta yi, ramin yana nan a kwance, ido ba ya gani, hannu ma da ƙyar. Sai ranar rini asiri zai tonu.

Ku lura da hannun mai aikin nan. Ya fara tafiya tukuna kafin ya sauke gangar injin, wadda samfefa ke naɗe a jikinta, a kan katako, kuma yana ɗaga ta kafin ya tsaya. In ganga ta juya a wuri ɗaya ko da na daƙiƙa ɗaya ce, ta haƙa kwari, kuma duk wanda ya shigo ɗakin da hantsi zai gan shi. Yana kuma bin tsawon allunan, yadda jijiyar katakon ta kwanta. Gefen bango sai ƙaramin inji mai faifai, lamba bayan lamba kamar na tsakiya. Lungu kuwa sai hannu. Bayan kowane zagaye a zuƙe ƙurar tas.

Rini ba dole ba ne. Ni kam in katako yana da zane mai kyau, na fi so a bar shi da launinsa. In za a yi, a gwada a kan daɓen kansa, a wurin da kabad zai rufe, saboda launin jikin gwangwani ba abin dogaro ba ne. Itacen ok yana shan rini daidai, ƙofofin jikinsa a buɗe suke. Itacen mafal kuwa jikinsa a tsuke yake, sai ya fito dabbare-dabbare. Mai son launi ya kama sosai yakan shafe daɓen da ɗanyen tsumma, ya bari ya bushe sarai, sannan ya zuba rini. A riƙa shafa allo uku ko huɗu, a goge rarar nan take, a ja da baya zuwa ƙofa. Na taɓa farawa daga bakin ƙofa, na tsinci kaina a lungu da buroshi a hannu, ba hanyar fita.

Tsumman da ya sha rini mai mai, kada a dunƙule shi a jefa a kwandon shara. Man yana fitar da zafi yayin da yake bushewa, kuma tarin tsumma yakan kama wuta da kansa. A shanya su ɗai-ɗai a waje, ko a nutsar da su a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Saura banish. Banish ɗin da ake kira foliyuretan iri biyu ne. Mai mai yana da wari, yana son a kwana kafin a ƙara wani shafin, kuma da shekaru yakan ja zuwa ruwan zuma. Mai ruwa yana shan iska cikin awa 2 zuwa 4, launin katakon kuma ba ya sauyawa sosai. Shafi uku marasa kauri sun fi biyu masu kauri. Tsakanin shafi da shafi a ɗan bi da samfefa mai laushi, kamar 220, a share ƙurar.

Bayan kwana ɗaya ana iya takawa da safa. Kujeru su jira kwanaki kaɗan, a ɗauke su ɗauka, a manna musu ƙyalle mai taushi a ƙafa. Darduma ita ce ta ƙarshen shigowa: kamar mako biyu in mai ruwa aka shafa, wata guda in mai mai ne.